Amaryar Baba Tanko

Mu da muka tsufa a Kakuri har yanzu kunnenmu na jin jiniyar masaƙa, ko da yake ta daɗe da yin shiru. A zamanin da take busawa ita ce agogon unguwa. Ita ke fitar da maza da safe, ita ke mai da su gida da yamma, auduga a gashin kansu kamar furfurar aro. Cikin masu amsa kiranta akwai Alexander, mutumin Zonkwa, mai gyaran injin saƙa, wanda ƙofar gidansa ke kallon tawa. 'Yarsa ta fari ita ce Scholastica. Sunan ya fi ƙarfin harshen unguwa, sai muka rage masa tsawo, muka ce Sikola.

Yarinya ce mai son ganin cikin abu. In uban ya kwance rediyo, tana tsugune gefensa tana riƙe masa ƙusoshi. In uwar ta yanka kaza, ita ce mai tambayar ina ruwan da kazar ta sha ya tafi. Tana sakandare masaƙa ta rufe, Alexander ya koma gyaran janareto a bakin titi, uwar ta kafa tebur na kayan miya a kasuwa. Da hayaƙin janareto da warin daddawa aka yi karatun likita, har ranar da Sikola ta shigo layinmu da farar riga a hannu, mata suna guɗa.

An tura ta bautar ƙasa can kudu. A shekarar ne jikin Alexander ya fara ja da baya. Takan kira shi a waya ta ce, "Baba, yaya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi."

Kowa ya san wannan kalma. Mai mura da sauƙi yake cewa, wanda ake juyawa a shimfiɗa ma da sauƙi yake cewa. Kalma ce mai kyau, mayafi ce da marar lafiya ke rufa wa masu gaishe shi don kada sanyin damuwa ya kama su. Sikola ta sani, amma daga nesa, cikin muryar uba, ta karɓe ta yadda aka ba ta.

Da ta zo Kirsimeti ta ga ƙafafunsa sun kumbura, ta ji wani wari a ɗakin da turare bai rufe ba. Ashe ya fi shekara fitsari na yi masa gardama. Akwai wani ɗan ƙululun nama a ƙarƙashin mafitsarar namiji, likitoci na kiransa furosteti, wanda kan girma da tsufa ya matse hanya. Abu ne da ake gyarawa. Amma in an bar shi, fitsarin da ya rasa mafita sai ya koma baya ya cinye ƙoda. Na Alexander ya riga ya cinye.

"Baba, ni fa likita ce," in ji ta. "Me ya hana ka gaya mini?"

Ya juya fuskarsa bango. "Wannan ba maganar da uba ke yi da 'yarsa ba ce."

Bai ga damina ta gaba ba.

Bayan an share makoki ta kama aiki a wani ƙaramin asibiti a Barnawa, tana duba masu zazzaɓi da rana, tana karatun jarrabawar da sai an ci ta ake neman gurbin koyon tiyata. Ta faɗi a karon farko. Ta sake zama, ta ci. Sai jiran asibitin koyarwa da ke ƙetaren kogi ya buɗe ƙofa, jiran da ya ci wata da watanni. Da aka kira su ganawa, masu nema sun cika baranda, gurabe kuwa ba su kai yatsun hannu ɗaya ba.

Shugaban masu tambaya shi ne Farfesa Ɗahiru, babban likitan mafitsara, dogo, mai magana kamar yana auna ta da cokali. Ya tambaye ta in ta gama shekarun farko na tiyata wane fanni take so ta ƙware a kai.

"Mafitsara da ƙoda, ranka ya daɗe."

Wani daga cikin masu tambayar ya yi tari don ya ɓoye dariya. Farfesa ya zare tabarau.

"Kin san su wa ke zuwa wurinmu? Tsofaffin maza. Abin da za ki ce su nuna miki, matansu ma sai an hure fitila."

"Ranka ya daɗe, likitocin haihuwa ma yawancinsu maza ne. Ban ji an ce su koma gyaran ƙashi ba."

Ya dube ta na ɗan lokaci. "Baki kam akwai," ya ce. "Saura hannu."

Aka ɗauke ta. Uwar ta yi rawa a tsakar gida, amma ranar Alhamis a zumuntar mata ta coci, da aka tambaye ta wane irin likita 'yarta za ta zama, sai ta ce, "Ta ƙoda." Rabin farko na sunan ta bar shi a gida.

Shekarun farko na zagaye ne: sashen ƙashi, sashen yara, sashen masu haɗari. Kullum da sassafe mukan ga ta fito da jaka a kafaɗa, ta hau Keke mai ƙafa uku zuwa bakin babban titi, ta shiga bas ta haye gada, kogin na kwance a ƙasa, ja da damina, siriri da rani. Wata rana sai ta kwana biyu ba mu gan ta ba. Ta rame, idanunta suka faɗa, takalmanta suka cinye ta gefe guda. Ƙawayenta suka yi aure, wasu abokan karatunta suka tafi Ingila da Saudiyya suna aiko hotuna. Ta ci jarrabawar tsakiya, ta shiga sashen Farfesa Ɗahiru.

Hannu kuwa akwai. 'Yar mai gyaran inji ce. Yatsunta sun san inda zare zai bi. A ɗakin tiyata, inda majinyaci ke barci a ƙarƙashin koren ƙyalle, ba mai kushe ta. Matsalar tana kilinik, inda majinyaci ke farke da hularsa a kai.

Tsoho zai shigo, ya gan ta, ya leƙa bayan labule. "Nas, ina likitan?"

"Ni ce, Baba. Zauna."

Sai ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran a kore shi. Me ke damunka? Ciwon baya. Tun yaushe? An ɗan kwana biyu. Yaya fitsari? Da sauƙi. Daga nan ya yi godiya, ya fita, ya koma bayan layin abokin aikinta, Likita Chigozie, ɗan mai sayar da kayan mota a Kakuri.

"Sikola, raba mini kuɗin aikinki," Chigozie kan ce, gumi na zuba. "Ni kaɗai nake noman gonar mutum biyu."

Ta yi duk abin da tarbiyya ta koya mata. Ta daina sa wando, ta koma zane da ɗankwali. Tana rusunawa ta gaishe su, ta tambayi iyali, ta sassauta murya. Kuma ga kowane ɗaya takan faɗi maganar da take ganin ita ce mabuɗi: "Baba, kada ka ji komai. Ka ɗauke ni kamar 'yarka." Tana faɗin haka sai ta ga fuskar ta rufe kamar shagon da aka ja wa ƙofa. Ba ta gane dalili ba, sai ta ƙara ladabi.

Farkon damina Farfesa ya kira ta ofis.

"Scholastica," shi kaɗai ke kiran sunan har ƙarshensa, "ba a koyon wannan aiki a kan majinyacin wani. Wanda za ki yi wa tiyata, ke za ki ji labarinsa daga bakinsa, ke za ki duba shi da hannunki. Kin yi wata nawa nan, ba ki da naki."

"Ina ƙoƙari, ranka ya daɗe."

"Na gani. Ba laifinki ba ne, ba kuma laifinsu ba ne. Amma ba zan tura ki jarrabawar ƙarshe da aron majinyata ba. In ruwa ya ɗauke abin bai canza ba, zan yi magana da sashen tiyatar yara. Suna son hannunki. Can ba mai jin kunyarki."

Ta ce ta gode. A bas, a kan gada, ta riƙa kallon ruwa har aka sauke ta.

Ana cikin haka, wata Talata, wani tsoho ya shigo kilinik, matarsa na tura shi daga baya. Baba Tanko ne na Nasarawa, dattijon coci, tsohon shugaban makanikai na masaƙa. A hannunsa Alexander ya koyi aiki tun yana saurayi, shi ya tsaya masa a wurin aure, kuma har Alexander ya mutu Baba yake kiransa. Tsohon ya ɗaga ido ya ga wadda ke zaune a kujerar likita. Ya mai da hular da ya fara cirewa.

"A'a, Likita. Ashe nan kike. Yaya mamanki?"

"Tana lafiya, Baba. Yaya jiki?"

"Da sauƙi. Dama wucewa muke yi."

Ya juya ya fita, bai ko tsaya a layin Chigozie ba. Amma ta riga ta ga ƙafafunsa a cikin silifa, ta kuma ji warin nan da ta sani.

Ranar Asabar da hantsi ta tafi Nasarawa. An yi ruwa, layin ya zama taɓo, mai Keke ya ce iyakarsa bakin kwalbati. Gidan yana nan yadda ta san shi tana ƙarama: jan kwano, kejin kaji, bishiyar gwaiba a tsakar gida. Baba Tanko na zaune a benci ƙarƙashinta. Matarsa, Mama Charity, tana gefe tana tsince wake a faranti.

Sikola ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Ta gaya masa abin da ta gani, da abin da zai biyo baya in an bari. Ta ce in ita ce ba ya so, ta ji. Ya zo ya ga Chigozie ko Farfesa da kansa, ita za ta shirya, ba za ta ko shiga ɗakin ba.

"Asibitin da kike ciki?" ya ce. "A rubuta ni a takarda ki karanta? Bari, Likita. Allah ya san da ni."

"Baba, don Allah. Ni fa 'yarka ce."

"Shi ya sa."

Ruwa na ɗiga daga ganyen gwaiba. Ta ji maganar mahaifinta ta dawo daga bango, ba a canza mata ko wasali ba.

Mama Charity ta watsa wa kaji ɓawon wake. "Ni dai akwai abin da ban gane ba," ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Yaushe wannan ta zama 'yarka? Alexander ne ɗanka. Wannan ba ita ce ta ƙwace mini miji tana tafiya da kamfai ba? A kan bencin nan ka biya sadakinta da gwaiba biyu, ta cinye, ta ce a ƙaro. Yau kuma ta zo tana durƙuso kamar suruka."

Sai abin ya faɗo wa Sikola gaba ɗaya. A ƙasarmu, ko a coci mutum yake ko a masallaci, tsakanin uba da 'ya akwai katangar kunya. Amma a tsallaka hawa ɗaya, tsakanin kaka da jika, katangar ba ta nan. Can sai wasa. Jika ta kira kakanta mijinta, ta kushe haƙoransa, ta sace masa hula. Shi ya kira ta amarya, ya ce ba ta iya tuwo ba. Abin da 'ya ba ta isa ta ji ba, jika da dariya take tambayarsa. Watanni ke nan tana tsaye a ƙofar da aka kulle tana ƙwanƙwasawa da ladabi, ga ta kusa da ita a buɗe tun tana yarinya.

Ta miƙe. Ta kakkaɓe gwiwa. Ta san in abin bai karɓu ba, rashin kunya ce da za a yi shekaru ana faɗi. Ta zauna a bencin, kafaɗa da kafaɗa da dattijon coci, ta miƙa hannu ta cire masa hula ta ɗora a kanta.

"Tsoho, ashe haka za ka yi mini? Ka sa na ƙi samari, na tafi karatu na dawo, na tarar da angon yana yoyo kamar tsohon kwano."

Mama Charity ta daina tsintar wake. Baba Tanko ya juyo a hankali ya dubi hularsa a kan ɗankwali. Gefen bakinsa ya motsa.

"Wa ya ce miki ina yoyo? Ji mini yarinya, ƙafa kamar sandar rake. Ni da na fasa auren tun da na ji ba ki iya tuwo ba."

"Tuwon da za ka tauna da me? Buɗe in ƙirga."

"Sun fi na ubanki."

"Kafin gari ya waye sau nawa kake fita?"

"Ke aka sa gadi?"

"Amarya ai dole ta sani. In tabarma biyu zan saya, in saya tun yanzu."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ta daɗe a ɗaure, har ya riƙe mara don zafi. Mama Charity ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki, ta saki labule. Da dariyar ta lafa, ya share ido da bakin riga, ya yi magana yana kallon kaji.

"Ba ya zuwa, Sikola. In tsaya, in tsaya. Kamar famfon unguwar nan: sai tari, sai ɗigo. In na koma na kwanta kuma ya zo ba sallama."

"Akwai jini?"

"Sau ɗaya."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin bikin 'yarmu Charity."

Ta yi ta tambaya, yana amsawa, in ya fara noƙewa sai ta ja masa kunne da wata tsokanar. Ta bayyana masa matsalar da harshen da ya sani: bututu ne ya matse, injin da ke baya yana wahala, in ba a buɗe ba zai ƙone. Ya gyaɗa kai irin na makaniki.

"Hular fa?" ya ce da ta tashi tafiya.

"Tana asibiti. Litinin ka zo ka karɓa."

Ya zo. Ya wuce layin Chigozie, ya tsaya a ƙofarta ya ce wa nas, da ƙarfi yadda duk baranda za ta ji, "Gaya wa matar nan mai gidanta ya iso." Ta duba shi, nas namiji na tsaye a gefe. Aka sa masa robar fitsari a ranar, abin da ya taru ya sami hanya. Gwaji ya nuna ƙodar ta jigata amma ba ta mutu ba. Aka jira ta huta.

Ranar tiyata Farfesa Ɗahiru ya wanke hannu ya sa safa, sannan ya tsaya bayanta ya harɗe hannuwan a ƙirji. Har aka gama bai kwance su ba.

Washegari da safe ta je zagayen majinyata. Baba Tanko na kwance, hularsa a kan matashi, Mama Charity na fifita kunu.

"Ango, yaya jiki?"

Ya ɓata fuska. "Da zafi. Kamar an cusa mini barkono. Kuma robar nan tana ja na in na juya."

Ta ce za a ƙara masa magani, ta gyara robar, ta rubuta abin da za ta rubuta. Sannan ta fita baranda ta tsaya tana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Chigozie ya zo wucewa ya tambaye ta lafiya. Ta ce lafiya. Irin amsar da tsohon ya ba ta ita ce ta so ji a waya, shekarun baya, daga wani bakin.

Ba kowa wasan ya buɗe ba. Wani Alhaji daga Barnawa ya tashi a fusace ya ce bai zo a raina shi ba, ta bi shi har mota tana ba da haƙuri. Ta koyi duban fuska kafin ta taɓa hula. Waɗanda ba su kai kakanni ba, sa'o'in mahaifinta, har yau su ne masu wuya, da su takan kawar da kujera gefe, ta dubi takarda, ta ce, "Wani mai shekarunka ya gaya mini kaza da kaza. Kai ma haka ne?" Wasu su ce e. Wasu har yanzu layin Chigozie suke bi, ba ta kuma riƙe su a zuci ba. Amma kafin ruwa ya ɗauke, bencin ƙofarta ya fara cika.

Farfesa ya tare ta a hanyar ɗakin tiyata. "Scholastica, an ce kin tara mazaje a kilinik ɗina."

"Duk da sadakinsu, ranka ya daɗe." Sannan ta ce, "Maganar sashen yara fa?"

"Ai kina can," ya ce, yana sa tabarau. "Yaran ne dai suka yi furfura." Ya wuce.

Bana take shirin jarrabawar ƙarshe. Har yanzu da sassafe take fita, sai dai takalman sababbi ne. Uwar kuma, an ce, ran nan a zumuntar mata wata ta matso ta raɗa mata cewa mai gidanta na yawan fita da dare, sai ta amsa da muryar da kowa ya ji: "Kawo shi wurin Sikola. Likitar mafitsara ce."

Shi kuwa Baba Tanko ya sami sabon aiki. Yana bin tsofaffin abokansa na masaƙa gida gida, Kakuri da Nasarawa, yana duban ƙafafunsu. Ranar Talata sai ka gan shi a baranda ya zaunar da mutum biyu ko uku, yana yi musu huɗuba kafin a kira su.

"Ka riƙe hularka da kyau, ɓarauniya ce. Kuma in ta ce yaya jiki, kada ka ce da sauƙi. Ba ta jin wannan Hausar."